Aiki la'ana ne ko baiwa? Muhawarar 'yan'uwa a zaure

Ishaku:
Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa. Wata tambaya ce ta tsaya mini a rai. Muna cewa Allah ya halicce mu domin ɗaukakarsa, amma in ka duba, yawancin lokacin da mutum yake farke a wurin aiki yake ƙarewa, ba a ɗakin sujada ba. Na ji wani mai wa'azi yana cewa aiki horo ne da ya biyo bayan zunubin Adamu, ya kafa hujja da Farawa 3:19, inda aka ce da zuffan goshinsa mutum zai ci abinci. In haka ne, ashe rabin rayuwarmu zaman hukunci muke yi ke nan? Ni dai aikina shigar da lambobi ne cikin kwamfuta daga safe zuwa yamma. Ina so in san ko Allah ya damu da wannan aikin kansa, ko kuwa zakkar da nake fitarwa daga albashin ce kaɗai take da muhimmanci a wurinsa.

Baba Ayuba:
Ɗana Ishaku, mai wa'azin nan ya fara karatu daga sura ta uku, ya tsallake ta biyu. Koma Farawa 2:15. Tun kafin maciji ya buɗe baki, Allah ya ɗauki mutum ya sa shi a gonar Aidan domin ya nome ta, ya kuma lura da ita. A aya ta 19 da ta 20 ya kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna, wannan kuwa aikin kai ne, na lura da rarrabewa. Duk wannan babu zunubi tukuna. In ka zo sura ta uku ka karanta a hankali, ƙasa aka la'anta saboda mutum. Ƙaya da sarƙaƙiya suka shigo, wato ka yi shuka ta ƙi, ka yi gini ya rushe, ka sha wahala wani ya ci moriya. Wannan ne sabon abu. Aikin kansa ya riga faɗuwar mutum. Kuma ka lura, Littafi Mai Tsarki ya buɗe ne da Allah yana aiki kwana shida, yana duba abin da ya yi yana ganin yana da kyau. Abin da Allah da kansa ya yi ba zai zama la'ana ba.

Ishaku:
Na gode, Baba. A kan noma na yarda, domin manomi yana ganin abin da ya shuka ya tsiro. Ni fa ba na ganin ƙarshen komai. Takardar da na gama yau, gobe irinta tana jirana a kan tebur.

Mama Saratu:
Ɗana, lambobin nan na mene ne?

Ishaku:
Albashin ma'aikata ne da kuɗin fanshon waɗanda suka yi ritaya, Mama.

Mama Saratu:
To ai ka ba kanka amsa. A bayan kowane layi akwai gida guda. In ka juya lamba ɗaya, akwai tsohon da zai yi ta zirga-zirga daga ofis zuwa ofis da takardu a hannu, gwiwa na ciwo, ana ce masa ya dawo gobe. In ka shigar daidai, ba zai taɓa sanin sunanka ba, zai dai sayi maganinsa a kan lokaci.

Ni ɗinki nake yi. Wanda ya zo karɓar riga, waje yake dubawa, ko wuya ya zauna, ko hannu ya yi daidai. Ba ya juya ta ya ga ko na ninke bakin yadin na bi shi sau biyu, ko na ƙulle zaren a ƙarshen ɗinki. Sai an yi ta wanki sannan gaskiya ta fito, lokacin kuwa na daɗe da karɓar kuɗina. A cikin rigar nan, inda ba mai gani, a nan nake tuna Kolosiyawa 3:23, cewa duk abin da muke yi mu yi shi da zuciya ɗaya, kamar Ubangiji muke yi wa, ba mutane ba. Ka tuna Dokas a Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta rasu a Yafa, matan da mazansu suka mutu suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Ɗinkin nan shi ne shaidarta.

Rifkatu:
Mama, na ji daɗin maganarki, amma ayar nan tana da wani gefe da ya kamata a faɗa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na kuma ga yadda ake ɗaukar ta a rufe wa ma'aikaci baki. A riƙe maka albashi wata da watanni, in ka yi magana a ce ai Ubangiji kake yi wa, ladanka yana sama. Abin ya fi ciwo in mai faɗar haka ɗan'uwa ne a cikin bangaskiya. Bulus da bayi yake magana a wurin, bai kuwa ajiye alƙalami ba sai da ya juya kan iyayengijinsu a 4:1, ya ce su yi wa bayinsu gaskiya da adalci, domin su ma suna da Ubangiji a sama. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya talaka ɗan ƙodago hakkinsa a ranar, kada rana ta faɗi ba a ba shi ba, domin a kai ya sa rai. Yakubu 5:4 ta fi zafi: hakkin masu girbi da aka danne yana kuka, kukansu kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ba na cika jin wa'azi a kan waɗannan ayoyi ba.

Mama Saratu:
Gaskiyarki, 'yata. Yin aiki da aminci daban, yin shiru a kan zalunci daban. Ki kula da majinyacinki da kyau domin ba shi ya riƙe miki kuɗi ba, ki kuma nemi hakkinki ba tare da jin kunya ba.

Yusufu:
Ku yi mini haƙuri, ina ganin muna neman mu haɗa abin da bai haɗu ba. Aiki wajibi ne, ban musa ba. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar ba da gaskiya muni. Amma hanya ce kawai ta samun rufin asiri da abin tallafa wa bishara. Bitrus da Andarawus tarunsu suka bari suka bi Yesu. Matiyu tashi ya yi daga wurin karɓar haraji. A gidan Marta, ita ce take ta hidima, amma Maryamu da ta zauna tana sauraro aka ce ta zaɓi rabo mai kyau. Rigar Mama za ta tsufa, kwamfutar Ishaku za ta lalace, rai ɗaya da aka kawo ga Almasihu kuwa har abada ne. Ta yaya za a ce duka ɗaya ne?

Fasto Iliya:
Ɗan'uwa Yusufu, tambayarka tsohuwa ce, ikilisiya ta daɗe tana kai-komo a kanta. An yi zamanin da a Turai ake ganin firist da mazaunin gidan ibada suna bene na sama, sauran jama'a suna ƙasa. A 1520 Martin Luther ya rubuta wa manyan ƙasar Jamus yana ƙalubalantar wannan. Ya ce duk wanda aka yi wa baftisma matsayinsa ɗaya ne a gaban Allah, bambancin na hidima ne kawai, baduku da maƙeri da manomi kowa yana da nasa aikin da zai amfani 'yan'uwansa da shi.

Amma mu bar Luther mu koma Littafi. Luka 3:23 ta ce Yesu yana da shekara wajen talatin ya fara hidimarsa a fili. Da ya koma garinsu yana koyarwa, abin da mutane suka sani game da shi a Markus 6:3 shi ne masassaƙi ne. Ɗan Allah ya yi shekaru yana auna katako yana fiƙe shi, ban kuwa yarda ɓata lokaci ya yi ba. Da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa sojoji kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. An kira Bitrus ya bar taru, gaskiya ne. Mutumin da aka fitar wa aljanu a Markus 5 kuwa, shi ya roƙa ya bi Yesu, aka ce masa ya koma gida wurin mutanensa. Marta ma, damuwa da tashin hankalinta aka yi mata magana a kai.

Kullum muna roƙon Uba ya ba mu abincin yini. Ta hannun wa yake amsawa? Ta hannun wanda ya noma, da wanda ya ɗauko a mota, da wanda ya gyara birkin motar, har da wanda ya lissafa albashin da aka saya da shi. Ka kuma duba Bezalel a Fitowa 31. Allah ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da yankan duwatsu da sassaƙa.

Yusufu:
Fasto, Bezalel ai alfarwar sujada ya gina. Misalinka ni yake goya wa baya.

Fasto Iliya:
Ka kama ni a daidai wurin da ya kamata. To duba Ishaya 28, daga aya 24 zuwa 26. Annabin yana maganar manomi ne zalla, yadda ba ya yin huɗa har abada, yadda yake baje ƙasa ya zuba kowane iri a inda ya dace da shi. Sai ya ce Allahnsa ne yake koya masa. Babu alfarwa a wurin, gona ce.

Yusufu:
Wannan ayar zan zauna da ita. Amma ban sauka daga cewa ceton rai ya fi komai ba. Tsorona shi ne, mutum ya riƙe wannan koyarwa ya ce ofishinsa ne bagadensa, shekara ta zagayo bai buɗe baki ya yi wa kowa maganar Almasihu ba, bai zauna da 'ya'yansa ba, yana ta bin ƙarin girma yana kiransa kira daga Allah.

Baba Ayuba:
A nan kam ina tare da kai, ɗana. Aiki yana iya zama gunki, kuma gunki ne mai wuyar ganewa domin kowa yabonka yake yi a kansa. Masu gina hasumiyar Babila ƙwararrun ma'aikata ne, sun iya toya tubali, amma Farawa 11:4 ta faɗi nufinsu, su yi wa kansu suna. Mai arzikin nan na Luka 12 da ya rushe rumbunansa ya gina manya, ba malalaci ba ne. Mai Hadishi ma ya ce ya ƙi dukan wahalar da ya sha domin dole ya bar ta ga wanda zai zo bayansa, bai kuwa san ko mai hikima ne ko wawa ba. Ni na koyar a makaranta har na yi ritaya, kuma ranar da na miƙa makulli, washegari aka ci gaba da darasi kamar yadda aka saba. Haka ya kamata ya zama.

Shi ya sa aka ba da Asabar. Ku karanta yadda Maimaitawar Shari'a 5 ta kawo dokar. Ta lissafa ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, har baƙon da ke cikin gari, ta ce domin bawanka da baiwarka su huta kamar kai. Dalilin da ta bayar shi ne ka tuna kai ma bawa ne a Masar. Fir'auna ne yake ƙirga mutum da yawan tubalin da ya buga. Wanda ba ya iya ajiye aiki yini guda, ko wanda ba ya barin na ƙasa da shi su ajiye, ya koma Masar da ƙafarsa.

Dauda:
Tun ɗazu nake karantawa ban ce komai ba. Duk kuna magana ne a matsayin masu aiki. Ni na gama karatu, na nema har na gaji, ban samu ba. Abin da ya fi rashin kuɗin ciwo shi ne gaisuwa. Bayan sujada mutum ya riƙe hannunka ya ce, yanzu a ina kake aiki? Har ta kai ina neman ƙofa tun kafin a yi addu'ar rufewa. Wani dattijo ya taɓa karanta mini 2 Tasalonikawa 3:10 a gaban mutane, wai wanda ba ya aiki kada ya ci. In dai domin aiki aka halicce mu, ni da ba ni da shi, mene ne matsayina a gaban Allah?

Fasto Iliya:
Ɗana Dauda, ba a yi maka adalci ba. Bulus da waɗanda suka ƙi yin aiki yake, aya ta 11 ta bayyana su, masu zaman banza suna shiga abin da ba ruwansu. Kai kuwa nema kake yi. Ka buɗe Matiyu 20. Mai gonar inabi ya fita wajen ƙarfe biyar na yamma ya tarar da waɗansu a tsaye, ya tambaye su dalilin da suka yini ba aiki. Suka ce ba wanda ya ɗauke su. Bai zage su ba. Ya tura su gona, da yamma kuma ya ba su dinari guda, ladan yini cikakke. Misalin a kan alherin Allah yake, amma ka lura Yesu ya san akwai mutumin da yake tsayawa tun safe yana so, ba a ɗauke shi ba.

Kuma kada a fahimce mu a karkace. Darajar mutum ba daga aikinsa ta fito ba. A Farawa 1:27 an halicci mutum cikin kamannin Allah, sannan aka ba shi abin yi. Jaririn da bai taɓa ɗaga tsinke ba, da tsohuwar da ke kwance ba ta iya juyawa, kamanninsu bai ragu ba. Afisawa 2 ta ce ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, sannan ta ce an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka. Ba takardar ɗaukar aiki ce take buɗe ƙofar waɗannan ayyukan ba.

Laraba:
Yaya Dauda, ni ma ana ce mini ba na aiki. Surukata ce ta sami shanyewar ɓarin jiki, ni nake kula da ita. Sai na juya ta daga wannan gefe zuwa wancan dare da rana don kada bayanta ya yi gyambo, in shafa mata mai a ƙugu da dugadugai, in ba ta abinci da cokali a hankali ina jira ta haɗiye. In an zo cika takarda aka tambayi sana'a, sai a rubuta ba ta da aiki. Na daina barin wannan ya dame ni tun da na lura cewa a Matiyu 25, abubuwan da Sarki ya lissafa a ranar shari'a, ciyarwa da shayarwa da tufatarwa da duba marar lafiya, ba ko ɗaya da aka ce an biya albashi a kansa. Ban ce wannan zai biya maka bukata ba. Ina dai so ka sani ba kai kaɗai ake yi wa wannan kallon ba.

Dauda:
Allah ya ƙara miki ƙarfi, 'yar'uwa, ya ba Mama sauƙi. Fasto, na gode, maganarka ta sanyaya mini rai. Amma gobe zan tashi da bashin haya a kaina kamar yadda na kwana da shi. Ikilisiya tana da abin yi wa irinmu ban da ta'aziyya?

Habila:
Ɗan'uwa Dauda, tambayarka ita ce ta fi nauyi a duk zaren nan. Ni ɗan Katolika ne, bari in kawo abin da muka gada. A 1891, lokacin da masana'antu suka cika Turai da ma'aikata masu yini a bakin inji, Paparoma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa yana cewa yardar ma'aikaci kaɗai ba ta sa albashi ya zama na adalci. In yunwa ce ta tilasta masa karɓar abin da ba zai riƙe shi ba, an zalunce shi ko da ya sa hannu. Ya kuma goyi bayan ma'aikata su kafa ƙungiyoyinsu. Bayan shekara 90, a 1981, Paparoma John Paul na biyu ya sake rubutu a kan aiki, ya ce aiki domin mutum yake, ba mutum domin aiki ba, ya kuma kira rashin aikin yi mugun abu a kowane hali, wanda in ya yi yawa yakan zama bala'i ga al'umma. Wato ba laifin wanda bai samu ba ne kaɗai za a duba, har da yadda aka tsara al'ummar.

Abin da ya fi jan hankalina kuwa shi ne dokar kala a Littafin Firistoci 19:9-10. An hana mai gona girbe gonarsa har gefe, an hana shi komawa ya tsince abin da ya zube. Ba a ce ya girbe duka ya ɗebi kaɗan ya miƙa sadaka ba. An ce ya bar wuri, talaka da baƙo su shigo su tara da hannunsu. Haka Rut ta ciyar da kanta da Na'omi a gonar Bo'aza, da mutuncinta. Duk mai kamfani ko shago ko wurin sana'a a cikinmu ya tambayi kansa ina gefen gonarsa yake.

Malam Haruna:
Tun da an zo kanmu, bari in yi magana. Ina da wurin walda, ina da yara a ƙarƙashina. Abin da Habila ya faɗa gaskiya ne, amma yana da tsada, kada a ɗauka da baki ake yi. Ɗaukar sabon yaro yana nufin ƙarfen da zai ɓata kafin hannunsa ya faɗa, da lokacin da zan bar nawa aikin in tsaya a kansa ina nuna masa yadda zai riƙe wuta kada ya huda ƙarfen. Ina yi, domin ni ma wani ne ya yi haƙuri da ni. Amma ina da ƙorafi a kan 'yan'uwa. Yaro ya kwana a addu'ar dare, ya zo aiki rana ta take, idonsa na rufewa a gaban injin yanka, in ka yi magana ya ce aikin Ubangiji ya je yi. Ƙofar da ya haɗa, in ta ɓalle ta faɗa kan yaron wani, wane suna aka ɓata?

Rifkatu:
Malam Haruna, wannan gaskiya ne, mu ma muna gani a asibiti. Amma ina da tambaya, kada ka ji haushi. In mai kaya ya karɓi aiki bai biya ka ba, yaran fa?

Malam Haruna:
Ba haushi, 'yar'uwa. Ina biyansu. Ni na yi ciniki da mai kaya, ba su ba. Akwai lokacin da sai da na sayar da wani injina kafin na cika musu, gida kuma muka ƙara ɗaure ciki. Ba kowane mai wurin sana'a ne zai iya haka kullum ba, wani in ya yi sai ya rufe wurin gaba ɗaya, kowa ya rasa. Abin da ba na yarda da shi shi ne maigida ya sauya mota alhali yaransa suna binsa bashi.

Dauda, me ka karanta? Kuma kana iya aikin hannu, ko ofis kaɗai kake nema?

Dauda:
Lissafin kuɗi na karanta, Malam. Ba na raina aikin hannu, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Walda dai ban taɓa yi ba, kuma idona ba shi da ƙarfi sosai.

Malam Haruna:
To walda ba taka ba ce, ido take ci. Amma da yawa daga cikinmu masu sana'a ba mu iya riƙe littafin shiga da fita ba, kuɗin jari da na aljihu duk a wuri ɗaya suke. Ni kaɗai ba zan iya biyanka albashin wata ba. In mu huɗu ko biyar muka haɗu, kana zagayawa kana daidaita mana littattafai, wataƙila abin ya tashi. Ban yi alkawari ba, sai na tuntuɓe su.

Baba Ayuba:
Malam Haruna, ka tuntuɓe su. Ni kuma zan kai maganar gaban dattawan ikilisiya a zama mai zuwa, a rubuta sunayen masu wurin sana'a da za su iya ɗaukar mai koyo, da sunayen matasan da ke nema da abin da kowa ya iya. Dauda, ka turo mini naka ta saƙo na keɓe kafin Lahadi. In ka san waɗansu da ke cikin hali irin naka, waɗanda suka daina zuwa sujada saboda kunya, ka haɗo da nasu in sun yarda.